Kashi 40 cikin 100 ɗin nan na guguwar teku, ilimi ne ko shaci-faɗi?

Auwalu:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin abin nan ku zo ku fitar da ni daga duhu. Kwana uku kenan ina leƙa taswirar Tekun Atlantika da cibiyar nan ta Amurka da ke Miami take sakawa, mai sa ido kan mahaukaciyar guguwa, to sun ɗora wata alamar X ruwan lemo can kudu da tsibiran Cape Verde sun rubuta wai yiwuwar ta zama guguwa kashi 40 cikin 100 ne cikin kwana 7. Ni abin da ya ɗaure min kai shi ne, in ta zama guguwar su ce ai mun faɗa, in ba ta zama ba su ce ai dama 40 muka ce ba 100 ba, to ta ina za a kama su da kuskure kenan?

Sadiku:
Hhhh Auwalu ka gano su. Irin maganar nan ce ta ko a yi ruwa ko kar a yi, duk inda ta faɗi sha ne. Ni ma in aka ba ni kujera da kwamfuta zan iya.

Malama Hauwa:
Wa alaikumus salam. Sadiku ba za ka iya ba wallahi, kuma ana kama su, sai dai ba da guguwa ɗaya ake kama su ba. Yadda ake yi, a ƙarshen shekara a tattaro duk lokutan da suka ce 40, a duba guda nawa ne suka zama guguwa da gaske. In sau 100 suka faɗi haka ya kamata a samu wajen 40 sun tabbata. In aka samu 80 ko aka samu 5 to lissafinsu ya karkace kuma kowa zai gani, don su da kansu suke buga wannan binciken duk shekara. Launin ma yana da ma'ana, rawaya ƙasa da 40 ne, ruwan lemo 40 zuwa 60, ja kuma 70 zuwa sama. Sau huɗu a rana suke sabunta shi a lokacin kakar guguwa, wato daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba a Atlantika.

Auwalu:
Na gode Malama. To amma me suke kallo har su ce 40 ba 20 ba? Ni dai a hoton tauraron ɗan'adam farin gajimare kawai na gani ya taru waje ɗaya kamar an zubar da auduga.

Malama Hauwa:
Audugar nan ita ce farkon abin. Guguwar teku ba ta tashi sai abubuwa da yawa sun haɗu lokaci guda, na farko ruwan tekun ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 26 da rabi, kuma ba fatar sama kawai ba, ɗumin ya nutsa kamar mita 50, saboda in sama-sama ne da guguwar ta fara dama ruwan sai mai sanyi ya taso daga ƙasa ya kashe ta. Tururin ruwan ɗumin shi ne man da take sha, yana tashi sama ya zama hadari ya saki zafi, zafin ya ƙara jan iska daga ƙasa, haka abin yake ta cin kansa yana girma. Na biyu dole ta yi nesa da ekwaita, wato layin da ya raba duniya arewa da kudu, da kamar digiri 5 a taswira, don a kan layin kansa juyawar duniya ba ta iya murɗa iska. Na uku, kuma wannan ne ya fi kashe su tun suna jarirai, kar iskar sama da ta ƙasa su yi saɓani sosai. In ta ƙasa na tafiya yamma a hankali ta sama kuma na fizga gabas da ƙarfi, sai a sare wa hadarin kai a bar gangar jiki. Sannan busasshiyar iska mai ƙura da ke fitowa daga Sahara tana shaƙe su. Duk waɗannan suke aunawa.

Injiniya Bashir:
In ƙara a kan na Malama, wannan X ɗin da Auwalu ya gani asalinsa ba a teku aka haife shi ba. Wani lanƙwasa ne a cikin iskar da ke tafiya daga gabas zuwa yamma a saman Afirka, yana farawa daga wajen tsaunukan Habasha da Sudan ya ratso har ya faɗa teku, duk bayan kwana 3 zuwa 5 wani na fitowa, a shekara a kan samu kamar 60. Akasarinsu haka suke wucewa su watse ba wanda ya ji labarinsu. Amma manyan guguwowin Atlantika mafi yawansu daga cikin waɗannan 'yan lanƙwasan suka fito, shi ya sa ake zuba musu ido tun suna nesa da kowa da kilomita dubbai.

Sadiku:
To na ji. Amma ku faɗa min gaskiya, Otis fa? Oktoban 2023, mutanen Acapulco a Meziko aka ce musu wata 'yar guguwa ce ke zuwa, suka wayi gari mataki na 5, wato mafi ƙarfi, ta rufto musu. Ina kwamfutocin suke a ranar?

Injiniya Bashir:
Nan kam ka taɓo inda yake musu ƙaiƙayi Sadiku, ba mai musu. Otis cikin kwana ɗaya ta tashi daga matsakaiciyar guguwa zuwa mataki na 5, wanda ke farawa daga kilomita 252 a awa, kuma kusan duk lissafin kwamfuta bai hango ba. Abu biyu ne ake hasashe, inda za ta bi da kuma ƙarfin da za ta yi. Na hanya an ci gaba ƙwarai, don manyan iskoki ne suke tura ta kuma ana ganinsu da kyau. Na ƙarfi shi ne mai wuya saboda abin da ke faruwa a ƙuryar cikinta ne, wajen da bai fi 'yan kilomitoci ba, ga Otis ƙarama ce a faɗi ga ruwan da ta hau yana da zafi sosai. In iskar guguwa ta ƙaru da kamar kilomita 55 a awa cikin awa 24 shi suke kira ƙaruwar gaggawa, har gobe shi ne ciwon kansu.

Baba Matuƙi:
Salamu alaikum yara. Ina ta karanta ku tun ɗazu, hannu ne ba ya sauri a waya sai ku yi haƙuri da ni. Na yi shekaru a jirgin dakon kaya, kuma abin da nake so Auwalu ya gane shi ne mu mutanen ruwa ba X ɗin nan ne abincinmu na kullum ba, guguwa mai suna ai jefi-jefi ce, wani sai ya yi shekaru bai haɗu da ita ba. Abin da muke jira kowane 'yan awoyi shi ne sanarwar iska da ta igiyar ruwa. An raba tekunan duniya yanki 21, kowane yanki akwai ƙasar da aka ɗora wa nauyin aiko da hasashe, yana shigowa jirgi ta tauraron ɗan'adam, in kuna kusa da gaɓa kuma ta wata 'yar na'ura NAVTEX da ke buga shi a takarda kamar rasit. Sai ka ga an rubuta daga layi kaza zuwa layi kaza iskar arewa maso gabas noti 20 zuwa 25, igiya mita 2 da rabi zuwa 3. Noti ɗaya kilomita 1.852 ne a awa. Yaron da bai san aiki ba sai ya ce mita 3 ai ba komai, bai san mita 3 ɗin nan matsakaicin kashi ɗaya cikin uku na manyan igiyoyin ba ne, a cikinsu sai wata ta taso ta kusa ninka wannan, kuma ita ce za ta same ka kana tsaye a bakin jirgi ba ka riƙe komai ba.

Ummi:
Baba sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara lafiya. Don Allah ka taɓa shiga cikin guguwar da kanka? Kuma ya ake gane tana zuwa in babu sanarwa?

Baba Matuƙi:
Amin 'yata. Cikinta dai Allah bai sa na shiga ba, gefenta na taɓa ji kuma ya ishe ni. Muna yammacin Fasifik ne, sama tas babu ko ɗigon hadari, iska ma kusan babu, ruwa kamar an shafa masa mai, amma sai ga wata doguwar igiya tana zuwa daga kudu maso gabas a natse, ta ɗaga jirgin gaba ɗaya ta sauke, ka ƙirga kusan daƙiƙa 15 kafin wata ta zo. Igiyar da iskar wurin ta tayar gajera ce mai fari a kai, tana zuwa a gurguje, wannan kuwa daga nesa aka aiko ta, ta riga uwar gijiyarta isowa. Kofin shayina a kan tebur sai ya zame zuwa can ya tsaya ya yi tunani ya dawo. Kyaftin ɗinmu dattijo ne ba ya yawan magana, ya zo ya tsaya gaban ma'aunin nauyin iska ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa. Ku sani a yankin zafi allurar nan tana da ɗabi'a, kullum tana hawa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ta sauka wajen ƙarfe 4 na yamma da 4 na asuba, kamar numfashi. Ranar ƙarfe 10 ta yi allura ta ƙi hawa. A littafin aiki an koya mana in ta faɗi maki 3 ƙasa da yadda ta saba a wannan wurin ka shiga taitayinka, in ta kai 5 to akwai abu kusa. Da yamma sai ga siraran gajimare can ƙololuwa sun jeru kamar an ja su da tsintsiya duk sun nufi waje ɗaya, rana ta faɗi ja wur. Sanarwar da ta zo daga Tokyo ta tabbatar, kyaftin ya juya mu kudu muka yi asarar kusan kwana biyu, masu kaya suna ta aiko saƙo ana faɗa, bai ko kula su ba. Duk da haka daren nan ba wanda ya runtsa, kwanukan kicin kaf sai da suka sauko ƙasa.

Ummi:
Ikon Allah. Amma Baba me ya sa kudu? Ba gudu gaba kawai ake yi ba?

Baba Matuƙi:
A'a, guguwa tana da hannun dama da hagu. A arewacin ekwaita tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, to in ka tsaya kana kallon inda ta dosa, gefen damanta gudun iskar da gudun tafiyarta sun haɗu waje ɗaya, kuma iskar wannan gefen tura ka take yi zuwa gabanta. Shi muke kira gefen haɗari. Na hagu da ɗan sauƙi. Ga shi kuma yawancinsu yamma suke yi daga baya su lanƙwasa arewa, wanda ya gudu arewa sai ya je ya tare ta a hanya. In ka yi wajen ekwaita ba ta bin ka can. Akwai tsohuwar dabara ma, ka ba iska baya, a arewacin duniya tsakiyar guguwar na hannunka na hagu, a kudanci kuma a dama. Komai a kudanci juyawa yake.

Sadiku:
Kun gani ko? Baba da kofin shayi da allura ya gane, ba sai da tauraron ɗan'adam na biliyoyin kuɗi ba.

Baba Matuƙi:
Kai Sadiku kar ka sa min magana a baki. Allura ta ce mana akwai abu, ba ta ce mana ina zai kasance jibi ba, kuma jirgin kaya irin namu gudunsa bai fi noti 13 ko 14 ba, in ba ka fara kaucewa da kwana biyu ba ka makara. Kafin tauraron ɗan'adam mutane nawa ruwa ya ci? Disambar 1944 rundunar jiragen yaƙin Amurka guda da duk ƙwararrunta ta faɗa cikin guguwa a gabashin Filifin, jirage 3 suka nutse, mutum kusan 790 suka tafi, ba abokin gaba ne ya harbe su ba.

Injiniya Bashir:
Gaskiyar Baba. Tauraron farko na duba yanayi da ya yi aiki, TIROS-1, sai a 1 ga Afrilun 1960 aka harba shi. Kafin nan guguwa na iya tashi a tsakiyar teku ta mutu ba wanda ya sani in ba jirgi ne ya yi karo da ita ba. Yanzu akwai GOES na Amurka, Meteosat na Turai, Himawari na Japan, suna tsaye a sama kusan kilomita 36,000 suna ɗaukar hoto duk 'yan mintoci. Akwai masu zagayawa ƙasa-ƙasa da ke auna iska daga yadda fuskar ruwa ta yamutse. Cikin ruwan kansa akwai na'urorin Argo kusan 4,000 da ke nutsewa har mita 2,000 su taso duk kwana 10 su aiko da zafi da gishirin ruwan. A Atlantika har jirgin sama suke turawa ya ratsa cikin idon guguwar yana jefa na'urori masu lema. Sauran tekuna galibi ba su da wannan gatan, da hoto ake kimanta ƙarfi, dabarar da wani Vernon Dvorak ya fito da ita a shekarun 1970 kuma har yau ana amfani da ita.

Sai dai samun bayani daban, karanta na daidai daban. Jirgin El Faro da ya nutse kusa da Bahamas ranar 1 ga Oktoban 2015 a guguwar Joaquin da mutum 33, binciken da aka yi ya nuna taswirar yanayin da aka fi dogara da ita a jirgin tana ɗauke da bayanin da ya tsufa da awoyi, alhali sabuwar sanarwa na shigowa ta wata hanyar. Ga kuma inji ya tsaya musu a mummunan wuri.

Baba Matuƙi:
Wannan labarin ya taɓa duk wani mutumin ruwa. Shi ya sa abu na farko da nake koya wa yara shi ne kafin ka karanta me takarda ta ce duba ƙarfe nawa aka rubuta ta. Kuma a zamaninmu akwai ƙa'idar 1-2-3, inda aka ce guguwa za ta kasance gobe ka ƙara mil 100 na teku kewaye da iyakar iskarta mai ƙarfi, jibi 200, gata 300, duk cikin da'irar nan ba naka ba ne.

Auwalu:
To wannan ya kawo ni kan ɗaya hoton, mai kama da mazurari, siriri a farko yana faɗi a gaba. Ni da na ɗauka girman guguwar ne yake ƙaruwa.

Malama Hauwa:
Ba kai kaɗai ba Auwalu, mutane da yawa haka suke ɗauka har a ƙasashen da abin ke shafa. Mazurarin nan ba girmanta ba ne, girman rashin tabbas ne. Suna ɗaukar kurakuran da suka yi a shekara 5 da suka wuce su zana shi yadda tsakiyar guguwar za ta kasance a ciki kamar sau biyu cikin uku. Ka ga kenan sau ɗaya cikin uku tana fita waje, kuma tsakiyar kawai ake magana, iska da ruwan sama da tunkuɗowar teku suna kaiwa nesa da layin. Wanda ya ga garinsu a wajen mazurari ya koma ya yi barci ya yi wa kansa. Sadiku ga amsarka nan ma, mai shaci-faɗi ba ya zana maka girman kuskurensa a kan takarda.

Sadiku:
Malama kin fara cin galaba a kaina amma ban sallama ba tukuna. Me ya sa guguwa ɗaya za ka ji Amurkawa sun ce gudunta kaza, Japanawa su ce wani abu ƙasa da haka? In ilimi ne ai ya kamata baki ya zo ɗaya.

Injiniya Bashir:
Mudun ne ba ɗaya ba. Amurka na ɗaukar matsakaicin iskar minti 1, Japan da yawancin ƙasashe na minti 10, Indiya na minti 3. Na minti 1 dole ya fi yawa tunda bai gauraya da lokacin da iskar ta ɗan lafa ba. Kuma kowane teku da mai shi a ƙarƙashin Hukumar Yanayi ta Duniya da ke Geneva. Miami na da Atlantika da gabashin Fasifik, Honolulu tsakiyar Fasifik, Tokyo yammacinsa, New Delhi arewacin Tekun Indiya, tsibirin Reunion na Faransa kudu maso yammacin Tekun Indiya, Nadi ta Fiji kudancin Fasifik, Ostireliya da maƙwabtanta na kula da nasu ɓangaren. Sunan ma haka, harikan a Atlantika, taifun a yammacin Fasifik, saiklon a Tekun Indiya, duk dabba ɗaya ce.

Ummi:
Wane teku ne ya fi yawansu? Ni kullum ta Amurka nake ji a labarai.

Malama Hauwa:
Ta Amurka kike ji saboda su ke da kyamarori. Yammacin Fasifik ne uban tafiya, a shekara kusan 26 masu suna, wajen kashi ɗaya cikin uku na duk duniya, kuma can babu watan da ba a iya samu. Mafi ƙarancin nauyin iska da aka taɓa aunawa a cikin guguwa can ne, Tip a Oktoban 1979, maki 870. Haiyan ta Nuwambar 2013 da ta share Tacloban a Filifin ta kashe sama da mutum 6,000. Amma wajen kisa babu kamar Tekun Bengal duk da guguwarsa ba ta da yawa, sau biyu yake tashi, wajen Mayu da kuma Oktoba zuwa Nuwamba, a tsakiya iskar damina mai ƙarfi tana hana su. Tekun ba zurfi a bakin gaɓa, ga shi ya tsuke kamar kusurwa, ƙasar kuma shimfiɗe take dab da ruwa cike da jama'a, to in guguwa ta turo teku sai ya hau tudu mita da yawa. Ta Bhola a Nuwambar 1970 aƙalla mutum 300,000 ta kashe. Nargis a Myanmar a Mayun 2008 kusan 138,000. Ruwa ne ke kisan nan fiye da iska.

Kuma a nan ne nake ganin amfanin hasashe ƙiri-ƙiri. Ƙasar da Bhola ta yi wa wannan ɓarnar, Bangaladash ta yanzu, ta gina ɗakunan fakewa a kan dogayen ginshiƙai ta horar da 'yan sa-kai masu yawo da lasifika, da Amphan ta zo a Mayun 2020 an kwashe sama da mutum miliyan 2 kafin ta iso, waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba. Kwanakin da aka samu na kwashe mutanen daga ina suka fito in ba daga masu kashi 40 ɗin ba?

Sadiku:
Wannan kam ba ni da ta cewa. Amma Idai fa a Mozambik 2019, an hango ta ai, kuma mutum sama da 1,000 suka mutu.

Malama Hauwa:
An hango ta da kwanaki, ta sauka kusa da Beira a tsakiyar Maris kusan inda aka ce. Amma a ce maka gudu, ka gudu ina, da me, wa zai tsare maka abin da ka bari? Sannan ambaliyar koguna da ta biyo baya ta wuce tunanin mutane, a Zimbabwe ma zaftarewar ƙasa ce ta binne gidaje cikin dare. Wannan ba laifin lissafi ba ne, tsakanin ofishin hasashe da ƙofar gidan talaka ne igiyar ta tsinke. Freddy ta 2023 ma ai kallonta aka yi ta yi tun daga arewa maso yammacin Ostireliya ta ƙetare Tekun Indiya kaf, ta bugi Madagaska ta shiga Mozambik ta fita ta sake dawowa, kwana 36 tana raye wanda ba a taɓa rubuta irinsa ba, amma Malawi da ba ta da ko taku ɗaya na bakin teku ita ta fi ji a jika saboda ruwan sama.

Nasiru:
Ku gafarce ni na shigo a makare. Tambaya ɗaya, na duba taswirar hanyoyin guguwa na shekaru sai na ga kudancin Atlantika wayam, tsakanin Birazil da Angola ba ko zane. Kuskure ne ko haka yake?

Injiniya Bashir:
Haka yake Malam Nasiru. Ruwan can da sanyi, musamman gefen Afirka inda ruwan Benguela ke tasowa, saɓanin iska ya yi yawa, ga babu 'yan lanƙwasan da ke zama iri. Sau ɗaya aka tabbatar da cikakkiyar harikan, Catarina a Maris 2004 da ta bugi kudancin Birazil, har masana suka yi ta gardama a lokacin kan me za a kira ta. Kudu maso gabashin Fasifik wajen Peru ma haka yake fayau. Dokar digiri 5 ɗin Malama ma an taɓa karya ta, Vamei a Disambar 2001 ta tashi kusa da Singafo ƙasa da digiri 2 daga ekwaita.

Baba Matuƙi:
Kuma kar ku ɗauka inda babu guguwa mai suna lafiya lau ne. Ku tambayi duk wanda ya bi ta Tehuantepec a kudancin Meziko tsakanin Nuwamba da Maris. Iska mai sanyi ce ke gangarowa daga Amurka ta cika Tekun Meziko, ta rasa hanya saboda duwatsu sai ta matse ta wata 'yar kafa ta fito Fasifik kamar an buɗe bakin famfo, sama garau ba hadari amma iska ta wuce noti 34, wani lokacin har 50, ta kai ɗaruruwan mil cikin teku. Papagayo a Kosta Rika ma haka, bakin Kolombiya kuma iskar gabas ba ta hutawa. Waɗannan kullum suna cikin sanarwa kuma hasashensu yana faɗawa daidai ƙwarai, don an san sababinsu. Akasin haka kuma shi ne belin nan na kusa da ekwaita inda iskar arewa da ta kudu suke haɗuwa, ruwa ya kwanta lumui zafi kamar tanda, can sai hadari ya haɗu cikin rabin awa ya sauke muku ruwa da iska har ba ka ganin gaban jirgi, ya wuce kamar ba a yi ba. Wannan babu mai ce maka ƙarfe kaza zai zo, a na'urar rada kake ganinsa ya yi baƙi ka ce a rufe ƙofofi.

Ummi:
Malama ni kuma El Nino nake ji ana cewa yana rage guguwa, wasu su ce ƙarawa yake.

Malama Hauwa:
Duka biyun gaskiya ne, ya danganta da tekun da mai maganar yake nufi. In gabashin Fasifik ya yi ɗumi, wato El Nino, guguwa na ƙaruwa a can, amma yana aiko da iskar sama mai ƙarfi ta kan Karibiyan ta riƙa sare kan na Atlantika. La Nina kuma, wato in gabashin Fasifik ya yi sanyi, ta juya abin. 2020 shekarar La Nina ce, Atlantika ta yi 30 masu suna har jerin sunayen ya ƙare aka koma haruffan Girka. Amma kar ki riƙe shi kamar karatun allo, 2023 El Nino ne kuma duk da haka an samu 20 saboda ruwan Atlantika ya yi zafin da ya rinjayi saɓanin iskar.

Auwalu:
Jama'a yanzu na sake leƙawa, sun fitar da sabuwa. X ɗin ya matsa yamma, na kwana 7 ya koma 60 amma na awa 48 yana 20, kuma sun rubuta wai akwai busasshiyar iska a arewacinsa. Wannan na nufin tana zuwa kenan ko?

Injiniya Bashir:
Yana nufin yau da gobe ƙurar Sahara na danne ta, amma lissafin ya nuna in ta jure ta kai tsakiyar teku za ta samu wuri mai daɗi. Ka riƙa duba ko gajimaren ya daina watsewa da rana ya fara naɗewa waje ɗaya. In iskarta ta rufe da'ira za su ba ta lamba, in ta kai kilomita 63 a awa su raɗa mata suna.

Sadiku:
Ni dai na rubuta a takarda, 40 ranar farko, 60 yau. Zan riƙa tarawa har ƙarshen Nuwamba in zo mu yi lissafin Malama a gaban kowa.

Malama Hauwa:
Ka tara da kyau, har da na rawaya da suke ɓacewa ba a ji labarinsu ba, kar ka zaɓo waɗanda suka yi maka daɗi kawai.

Baba Matuƙi:
Auwalu ƙarfe nawa aka rubuta a saman wadda ka karanto mana?